Direban Shanun Shinkafi

Ranar Laraba da hantsi, Ummusalma na zaune bakin murhu tana juya dambun nama a kasko, ɗanta Abbati na goye a bayanta. Mijinta Armiya'u na tsugune kusa da randa yana wanke tsumman goge gilashin mota. Gidan haya ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Shekararsu biyu a ciki, tun da aka kawo ta amarya daga Gidan Jaji, wani ƙauye can bayan Dauran.

"Jikin yaron ga da ɗumi tun asuba," in ji ta.

Armiya'u ya share hannu a riga, ya zo ya taɓa goshin yaron. "Haƙori ne, ina zato. In bai sauka ba zuwa gobe ki kai shi asibiti. Kada ki jira ni."

"Yaushe na taɓa jiranka? Wanda aka san ranar dawowarshi ai shi ake jira."

Da murmushi ta faɗa, shi ma ya yi dariya. Armiya'u direban gingimari ne, wata tsohuwar Marsandi mai bodin katako, ta Alhaji Namadi. Kowace Alhamis ta biyu yakan yi lodin shanu a kasuwar Shinkafi, ya nufi Ikko, ya dawo da goro ko gishiri. Tafiyar takan ci kwana goma, in mota ta yi gardama ta ci sati biyu.

Salma ta juye dambun a kwanon sha, ta rufe. "Ni dai har yau ban gane ba. Mi kake samu cikin hanyar ga? Kullum ka dawo idonka ja, bayanka na ciwo, amma kwana uku in ka yi gida sai ka fara leƙen ƙofa."

Shi ba mai yawan magana ba ne, amma yau ya buɗe baki.

"Tun ina yaro, in aka kai ni gona, kunya ɗaya nike kaiwa in tsaya kallon titi. Ba ƙyuya ba ce. Zama wuri ɗaya ne ke shaƙe ni. Majalisa ba ta karɓe ni ba, ban iya gulma ba, ban iya fadanci ba. Amma in na hau kujerar nan na kama sitiyari, babu mai tsaye bisa kaina. Ni da Ubangijina ne, sai amanar mutane da ke bayana. Na san inda ake sai da tuwo mai kyau a Tegina, na san limamin masallacin tashar Mokwa, na san kowane rami daga nan har Jebba. In na sauke shanun nan talatin, ko ɗaya bai karye ba, sai in ji na yi wani abu a duniya."

"Mu kuwa fa?"

"Ku ne dalilin da ya sa nike juyowa."

Ta sunkuyar da kai. Haka ta san shi, haka kuma ta so shi. Motarsa ce ta taɓa lalacewa a Dauran, ya kwana uku bakin titi, ita ke kai masa abinci daga gidan gwaggonta. Ba ta ji ya yi ashar ba, ba ta ga salla ta wuce shi ba. Mahaifinta Malam Jaji bai so auren ba, sai da dattawa suka sa baki ya yarda, yana cewa wataƙila aure ya zaunar da shi.

Armiya'u ya ɗauki jakarsa da kwanon, ya shafa kan yaron, ya fita.

Ba haƙori ba ne, ƙyanda ce. Ranar Juma'a Salma ta kai yaron asibiti, ranar Lahadi da la'asar ya cika a hannunta. A lokacin babu waya a hannun kowa. Aka ba direbobi biyu saƙo, duka suka yi saɓani da Armiya'u a hanya. Malam Jaji ya zo da kansa ya yi wa yaron salla, don sunansa aka sa masa. Salma kuwa, da yake ɗan fari ne, ko kuka ba ta iya yi gaban mutane ba. Sai ta shiga bayan gida ta toshe baki da zane.

Kwana takwas bayan haka Armiya'u ya dawo, da 'yar riga da ƙananan takalma da ya sayo a Badun. Ya iske gida kulle. Maƙwabci ne ya gaya masa. Ya zauna a dakalin ƙofa da ledar kayan a hannu har aka kira azahar, bai motsa ba.

Washegari ya tafi Gidan Jaji. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsugunna a zaure gaban surukinsa. Yayan Salma, Zubairu, na zaune gefe. Shi ya yi boko, yana aiki a Gusau tun da aka ba Zamfara jiharta.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, Malam Jaji ya ce, "Mutuwa ta Allah ce, ban ce kai ka kashe shi ba. Amma ɗiyata ta ɗauki gawa ita kaɗai, kamar wadda ba ta da miji. Ni na shiga ramin na aza shi, kai kana can kana cinikin goro. Wanga abu ba ya sake hwaruwa ina raye."

"Baba, a yi mani haƙuri."

"Haƙuri an yi. Magana biyu ce. Ko ka aje mota, ko ka aje mani ɗiyata."

Zubairu ya gyara zama. "Kuma ba haka nan za mu bar ka ba. Daraktan ofishinmu na neman direba. A nan Ƙaura iyalinshi suke, kullum za ka kwana gida. Fijo ce sabuwa, ga albashi, ga fansho, ga yunifom. Mutane nawa ke bin layi kan wanga aiki? Wannan gantalin naka ba shi da fansho."

Armiya'u ya dubi ƙasa. Daga cikin gida yana jin muryar Inna Kulsumu, mahaifiyar Salma, tana cewa a gaya masa ita ba ta haifi 'ya don zaman takaba da miji a raye ba.

"Ina son in ji daga bakinta," in ji shi.

Aka kira Salma. Ta tsaya bayan labulen zaure, ta rame kamar ba ita ba.

"Ni ban ce ka bari ba," ta ce a hankali. "Amma na ji tsoro ranar nan. Na yi ta duban ƙofa."

Wannan ya ishe shi. Ya koma Ƙaura ya miƙa wa Alhaji Namadi makulli. Alhaji ya daɗe yana jujjuya makullin, sannan ya ce, "Na yi direbobi da yawa. Wasu yunwa ta kawo su, in sun ƙoshi su tafi. Kai ba yunwa ta kawo ka ba. Allah ya sa ka iya."

Watannin farko Salma ta ji daɗi. Da magariba sai ta ji tsayuwar mota, su ci tuwo tare. Ta yi ƙiba, ta koma kitso da lalle. Malam Jaji ya aiko musu da buhun gero, Inna Kulsumu ta zo ta kwana biyu tana sa albarka.

Aikin kuwa ga yadda yake. Da safe ya kai darakta Gusau, ya ajiye mota gindin dalbejiya, ya zauna bisa benci tare da sauran direbobi har ƙarfe huɗu. Su suna dara, suna zancen wane ya samu ƙarin lebul, wace ce sabuwar budurwar wane. Shi sai ya koma gefe ya yi ta goge motar da ba ta yi datti ba. Daraktan ba mugu ba ne, mai yawan umarni ne kawai. "Rage gudu. Ƙara gudu. Wuce wancan. Kai, ba ka ga rami ba?" Mutumin da ya shekara tara yana hawan tudun Jebba da shanu talatin, yau ana nuna masa rami a hanyar Gusau. Asabar da Lahadi kuma ya kai uwargidan darakta unguwa, ya jira a ƙofar gidan biki.

Bai taɓa kawo ƙara ba. Sai dai magana ta ƙare masa. Abinci ya rage ci. Ciwon kai ya kama shi, likita ya ce jininsa ya hau, yana ɗan shekara talatin da uku. Ranar Alhamis da yamma, in motocin shanu sun fara ratsa gari daga Shinkafi, sai ya tashi ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Wata rana, cikin shekara ta biyu, Salma ta kawo masa ruwa ta ɗan zubar a tabarma. Ya daka mata tsawa irin wadda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ta tsaya da kofin tana kallonsa. Shi ma ya tsaya yana kallonta, sai ya rufe fuska da tafin hannu.

"Yafe mani, Salma. Ban san mi ke damuna ba."

"Ni na sani," in ji ta.

Ta zauna kusa da shi. Tana da ciki wata biyar a lokacin.

"Da, kwana uku nike samunka cikin sati biyu, amma kai ɗin nike samu. Yanzu kullum kana nan, ban san ko wa ke kwana ɗakin ga ba. Ka koma motarka."

"Na yi wa Baba alkawari."

"Don ni ka yi shi. Ni zan je in roƙe shi ya warware."

"In ya ƙi fa?"

Ta tashi ta ɗauko tsumma ta goge tabarmar.

Ta tafi Gidan Jaji ranar kasuwar Dauran. Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, ko'ina zancenta ake yi, an rufe gidajen giya da na matan banza da ke bayan tasha. Ta iske Zubairu ya zo hutu, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, shi ya fara magana.

"Ke kin san su waye kwastomomin gidajen da aka rufe? Direbobin manyan motoci. Kowane gari da mace. Nan an hana su, shi ya sa yake son komawa kudu inda babu mai ce mai kanzil."

"Yaya, ka taɓa ganinshi?"

"Ba sai na gani ba."

"To shari'ar da kake faɗi, ba shaidu take nema ba kafin a ɓata mutum?"

Zubairu ya yi tsaki ya kau da kai. Malam Jaji ya ɗaga hannu.

"Ni ban zarge shi da mata ba. Abu guda na shina. Namiji shi ne wanda in an buga ƙofa da mugun labari, shi ka buɗewa. Kin manta da wanda muka rufe?"

Hawaye suka zubo mata. "Baba, ban manta ba. Kullum sai na tuna. Amma ga wani yana mutuwa gabana a hankali, shi ko ana iya ceto shi. Kowa da abin da Allah ya hore mai. Kai in aka raba ka da gona aka aje ka kanti, shekara nawa za ka yi?"

"Ni kike kawo ma misali?"

"A gafarce ni."

"Ki ji da kyau, Ummusalma. In ya koma mota, ki zaɓa. Ki dawo nan, ɗakinki na nan. In kin zauna da shi, to kada ki sake taka gidan ga. Ko haihuwa, ko suna, ko mutuwa."

Ta dubi mahaifiyarta. Inna Kulsumu ta ci gaba da tsintar wake, ba ta ɗago ba.

Salma ta koma Ƙaura ta gaya wa mijinta komai, ba ta rage ba. Ya ce ba zai raba ta da iyayenta ba, zai ci gaba da aikin ofis. Ta ce in ya ci gaba, nan da shekara biyu takaba za ta yi, kuma ba ta ga abin da iyayenta za su ƙaru da shi ba. Sati uku suna wannan ja-in-ja. Ranar da ya faɗi a gindin dalbejiya, jiri ya kwashe shi, aka kawo shi gida a kwance, ranar aka daina gardama. Da ya warware ya ajiye aikin, ya tafi wurin Alhaji Namadi.

Cikin wata biyu ya koma mutum. Ciwon kai ya tafi, dariya ta dawo. In ya sauka yakan zauna ya ba ta labarin hanya, yadda gada ta cushe kwana biyu, yadda ya sauko da shanu ya shayar da su ɗaya bayan ɗaya don kada su mutu a tsaye. Ita kuwa abin da ta biya ba ƙarami ba ne. Ta haihu yana Ilori, matan maƙwabta suka karɓi haihuwar. Aka aika Gidan Jaji, babu wanda ya zo. Babu wankan gida, babu kunun kanwar uwa. Ranar suna aka raɗa wa yarinya Asiya, dangin uwa ko mutum ɗaya babu. Da salla Armiya'u ya kai buhun shinkafa da turmin atamfa, aka dawo da su a kan jaki har bakin titi. Sau uku yana zuwa ban haƙuri, sau uku Malam Jaji na tashi ya bar masa zaure.

Wani lokaci Salma kan zauna da yarinya a cinya ta tambayi kanta ko ta yi daidai. Ba ta taɓa samun amsar da ta kwantar mata da rai ba.

Haka aka ci shekara da rabi.

Cikin watan Agusta aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta uku da safe aka yi sallama, Salma ta leƙa ta ga Zubairu tsaye, wandonsa duk laka har gwiwa. Armiya'u jiya ya sauka, yana ciki yana karyawa.

Zubairu bai iya haɗa ido da kowa ba. "Baba ne. Kwana uku fitsari ya tsaya mai, ciki ya kumbura. Rafin da ke tsakaninmu da Dauran ya cika. Ni da iyo na ƙetaro. Na bi tasha kaf, babu mai ƙaramar motar da ya yarda ya shiga."

Armiya'u ya ajiye cokali. "Ruwan ya kai ina?"

"Ƙirjina."

"Yashi ne ƙasan ko laka?"

"Ban sani ba."

Bai ƙara tambaya ba. Ya tafi gidan Alhaji Namadi, Alhaji ya ce ya ɗauka, in ta zauna a ruwa Allah ya kawo wata. Salma ta bar Asiya wurin maƙwabciya, ta yafa mayafi.

"Ya ce kada ki taka gidan," in ji Zubairu.

"Cikin mota zan tsaya."

Da suka isa rafin, ruwa ja ne yana tafe da karan dawa da rassan itace. Mutanen ƙauye sun taru a ƙetare. Armiya'u ya sauka, ya tuɓe riga, ya karɓi sandar wani makiyayi ya shiga ruwan. Ya yi ta caccakar ƙasa, ya yi gabas, ya dawo yamma, har ya gano inda tsakuwa take. Ya fito ya kafa sandar a bakin gaɓa don alama, ya hau, ya yi bismilla, ya sa giya ta ɗaya. Motar ta shiga tana gurnani. Ruwa ya rufe tayoyi, ya taɓo matakala. Salma ta runtse ido, ba ta buɗe ba sai da ta ji sun hau tudu.

Maza huɗu suka ɗauko Malam Jaji a kan tabarma. Ya zube, idanu sun faɗa, amma hankalinsa na nan. Da ya ga motar, ya ga mai motar, sai ya juyar da kai.

"Ku mai da ni ɗakina."

Armiya'u ya tsugunna cikin laka. "Baba, ka yi fushi da ni in ka warke. Yanzu dai ka bari in kai ka."

Aka ɗaga tsohon aka sa a gaba, aka jingina shi jikin 'yarsa. Zubairu da Inna Kulsumu da wasu dangi suka hau baya.

Kafin su dawo bakin rafi ruwa ya ƙaru. Sandar da aka kafa a ƙetare saura kanta kawai ake gani. Armiya'u ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya shiga, ba ta inda ya fito ba, ya ɗan karkata sama don igiyar ruwa ta turo shi daidai. A tsakiya motar ta girgiza, gindinta ya fara zamewa. Aka ji salatin mutanen baya. Shi ko fuskarsa ba ta canza ba. Bai taka birki ba, bai ƙara wuta ba, ya riƙe totur daidai wa daida, yana sakin sitiyari kaɗan yana kamawa, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Taya ta kama tsakuwa. Suka fita.

Malam Jaji idonsa biyu, duk abin nan yana kallon hannun surukinsa. Sai da suka hau kwalta a Dauran ya yi magana, murya can ciki.

"Haka kake yi kullum?"

"Ba kullum ake samun ruwa ba, Baba."

"Ban taɓa hawa wagga mota ba. Ashe haka ake hango duniya daga nan." Ya numfasa da ƙyar. "Na ga manomi da ya iya noma, na ga maƙeri da ya iya ƙira. In na gan su ina ganewa. Kai wanga aka yi ka dominshi. Ni na so in mai da rago akuya."

Salma ta fashe da kuka. Ya lalubo hannunta.

"Ke kin gani tun da wuri. Na yafe maki, ɗiyata. Ku ma ku yafe mani. Yarinyar, wa aka sa mata?"

"Asiya."

"Sunan uwata ne."

"Shi ya sa, Baba."

Ya rufe ido. Armiya'u ya ƙara wuta, yana kauce wa ramuka yadda ya iya. Saura kamar mil biyar su shiga Ƙaura, Salma ta ji nauyin tsohon ya sauya a kafaɗarta. Ta kira shi sau biyu. Armiya'u ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Komawa da gawa ƙauye ba ta yiwu ba, rafi ya riga ya shafe gaɓa. A Dauran aka yi masa sutura, aka rufe shi bayan la'asar. Armiya'u na cikin waɗanda suka shiga ramin.

Salma ta zaci maganar da mahaifinta ya yi za ta gyara komai. A wurin zaman makoki, gidan gwaggonta, ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta faɗa mata kalma bayan kalma. Inna Kulsumu ta saurara har ƙarshe.

"Wa ya ji?"

"Ni da shi."

"Ke da shi." Tsohuwar ta gyaɗa kai. "Ni abin da na ji da kunnena, ya ce a mai da shi ɗakinshi. Kuka ɗauke shi, kuka jijjiga shi cikin motar shanu har rai ya fita, aka rufe shi garin da ba nashi ba. Yanzu kuma kin zo da wasiyyar da babu mai shaida."

Salma ta juya wurin yayanta. "Yaya, kai ka zo ka kira mu."

Zubairu ya ce, "Ni na kira ku, gaskiya ne. Kuma abin da ya yi cikin ruwan nan babu mai iya shi. Amma ina baya, ban ji abin da Baba ya ce ba. Ba zan yi shaidar abin da ban ji ba."

Da ruwa ya janye, dangi suka koma Gidan Jaji. Babu wanda ya ce mata ta biyo su.

Bayan addu'ar bakwai suka dawo Ƙaura. Armiya'u ya zauna a tsakar gida yana kallon Asiya tana tatata jikin bango.

"Salma, in na aje motar, wataƙila Inna ta sauko."

"Ba za ta sauko ba. Kai kuma ka sake kwantawa." Ta share ido da gefen zane. "Na rasa ɗa, na rasa uba, uwata ba ta son ganina. Kai kaɗai ka rage mani, kuma da ranka nike sonka, ko da rabin wata ne ba ka nan. Abin da Baba ya faɗi na ji shi da kunnena. Ko duniya ba ta yarda ba, ya mutu ba ya fushi da ni. Wannan ya ishe ni in kwana."

"Ba ki yi nadama ba?"

"Wata rana ina yi. Wata rana ba ni yi. Gobe Alhamis, ka duba mai da ruwa tun yau."

Inna Kulsumu ta ƙara shekara shida a duniya. Ko da yaushe Salma ta je gaishe ta, takan amsa a taƙaice, ta ba jikarta gyaɗa, amma ba ta sake kiran 'yarta da sunanta ba, ba ta kuma yarda Armiya'u ya shiga zaurenta ba har ta koma ga Allah. Zubairu ne kawai, bayan shekaru, ya fara tsayawa gidansu in ya ratso Ƙaura, ya sha ruwa ya wuce.

Haƙuri ba kullum yake biya da awo cikakke ba. Na Ummusalma bai dawo mata da ɗanta ba, bai buɗe mata ƙofar gidansu ba. Abin da ya ba ta shi ne miji mai rai a jikinsa, da kalmomi kaɗan daga bakin uba a kan hanyar Dauran. Iyaye kuwa su sani, Allah bai yi mutane iri ɗaya ba. Wani gona ce tasa, wani kanti, wani kujerar ofis, wani kuma doguwar hanya da sitiyari. Wanda ya tsaya kan halal, ya riƙe amana, a bar shi inda aka halicce shi ya tsaya. In an ce sai an tanƙwara shi, ba shi kaɗai ke karyewa ba, har da wadda ke tsaye kusa da shi.